Ni da Yaya da Ɗan Leƙen Asirin Turawa

Ban taɓa taka ƙofar silima ba a rayuwata, amma tun ina firamare na san ɗan leƙen asirin nan na Ingila kamar a bayan gidanmu yake kwana. A bakin Yaya na san shi.

Yaya ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma ya ba ni wajen shekara goma. Gidanmu gidan fawa ne a cikin tsohon garin Sakkwato. Babanmu yana da teburinsa a kasuwar nama, shi kuma Yaya tun yana ɗan saurayi aka ɗora shi a kan shanu. Ya je kara, kasuwar shanu, a zaɓo da shi, ya bi babbar mota zuwa kudu, ya dawo ya yi baƙi ƙafafunsa a kumbure. In yana gari kuwa ba ya fashin silima. Baba ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido, tunda dai ba ya makarar asuba, ba ya makarar kara.

Ranar da babu makaranta, in ya dawo da hantsi ya tarar ina wanke-wanke a gindin dogonyaron tsakar gida, sai ya jawo 'yar kujera ya zauna da kofin kununsa.

"Auta, jiya Mutumin ya yi abin da ba a taɓa yi ba."

"Mi yay yi, Yaya?"

Mutumin muke ce masa, sunansa ba ya shiga zancenmu. Shugabansa na ofis kuma Tsoho, duk wanda yake faɗa da shi Mugun. Yaya daga firamare ya tsaya, Turancinsa bai wuce na ciniki da 'yan kudu ba, saboda haka abin da kunnensa bai kama ba sai ya cike da nasa. A bakin Yaya Sakkwatanci Mutumin yake yi tsantsa. Zai shiga gidan Mugun ya gyara wuyan kwat ya ce, "Kai wanga, aje bindigag ga mu yi magana ta manya." Yaya yakan miƙe ya gwada mini yadda yake tafiya, yadda yake waiwaye, yadda mota take fitar da wuƙa daga taya. Ni kuma in tsaya da kwano a hannu, kumfa na bushewa a kai, sai Inna ta yi mini tsawa daga madafa.

Akwai wurin da kullum labarin yake yin sauri. Da zarar wata mace ta shigo, sai Yaya ya kurɓi kunu ya ce, "To, sai sunka gaisa. Da gari yaw waye..." Ni a lokacin na ɗauka Mutumin mai yawan zumunci ne.

Na tafi kwalejin horon malamai ta 'yan mata, ta kwana. A ɗakin karatun makarantar akwai wani kwali na littattafan da wata malama Baturiya ta bari da za ta koma ƙasarsu. Wata rana da azahar, lokacin da zafi ya hana kowa motsi, ina tona kwalin na ciro wani ɗan littafi mai bangon takarda da hoton bindiga. Ban yi shafi biyu ba na gane shi. Sai na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a wani gari. Ashe Mutumin daga littafi ya fito, kuma littattafan suna da yawa.

Sai dai wanda na samu a takarda ba shi ne na gindin dogonyaro ba. Wannan yana da tabo a kumatu. Yana gajiya, yana jin tsoro, yakan zauna a ofis yana karanta fayil har rai ya ɓace masa. Likita yana yi masa faɗa a kan taba. In an doke shi sai ya kwanta asibiti ya yi jinya kamar kowa, kuma in ya kashe mutum abin yakan tsaya masa a rai. Motarsa mota ce kawai, ba ta nutso a ruwa. A nan ne kuma na gane irin gaisuwar da ake yi. Na rufe littafin na kifa kaina a tebur, kunya da dariya suka taru suka hana ni ɗagowa.

Da aka yi hutu ban ko huta ba na tare Yaya.

"Yaya, na karanta littahin Mutumin. Ba hakanan yake ba."

"Ƙaƙa yake?"

Na zayyana masa. Ya saurare ni yana sakace, bai katse ni ba har na kai aya.

"Wa yar rubuta?"

"Wani Bature na, ya ma mutu."

"Allah sarki. To shi ya ga Mutumin da idonai? Ni na gan shi, Auta. Ga shi ga ni, bango guda."

"Ai littahin aka hwara yi, daga baya anka yi him."

"Sai anka ga bai yi daidai ba anka gyara."

Daga ranar muka soma gardamar, kuma ba mu sauke ta ba har furfura ta rufe mu duka biyun.

Yaya ya yi aure ya gina gida a Mabera tun ana noma gero a bayan katangarsa. Ni ma na yi aure, muka zauna a gidajen ma'aikata wajen Sama Road, ina koyar da Turanci a sakandare. Da bidiyo ta shigo gari yana cikin na farkon da suka saya, kuma duk tafiyar da ya yi kudu sai ya dawo da kaset ko biyu a cikin jakar tufafinsa, suna warin shanu. Maigidana mutum ne mai sauƙin kai, ya bar mini Asabar. Bayan azahar in ɗauki yara mu tafi Mabera, matar Yaya ta dama fura, a tayar da janareto in babu wuta.

Ranar da na fara ganin fuskar Mutumin ba zan manta da ita ba. Dogo ne mai kaurin gira, kuma tafiyar tasa sak yadda Yaya yake gwadawa. Amma da ya buɗe baki sai na ji wani abu ya kuɓuce mini. Ina jin Turancin sarai, kuma ba abin da Yaya yake faɗa ba ne. Wani wurin ma labarin gaba ɗaya daban yake. Wanda Yaya ya ce ƙanen Mugun ne, ashe direbansa ne. Na fara fassarawa da ƙarfi.

"Cewa yay yi a kawo mai abin sha."

"Ba haka yac ce ba."

"Yaya, ni ka koyar da Turancin nan."

"Ke ji kika yi, ni ko kallon idonai nika yi. Gargaɗi na ya yi ma mutumin can."

Abin haushin shi ne, sau da yawa labarin Yaya ya fi na masu fim ɗin daɗi, amma ban taɓa gaya masa ba a lokacin.

Kamar yadda kowa ya sani, ba mutum ɗaya ba ne ya yi ta fitowa a matsayin Mutumin. In wannan ya tsufa ko ya gaji sai a kawo wani, suna ɗaya, aiki ɗaya, fuska daban. Yaya kuwa da idon kara yake duban su. Ba ruwansa da kyan fuska, kafaɗa yake dubawa da yadda ƙafa take sauka ƙasa. Na farkon shi ne nasa har abada. Ya ce rahaji ne, jan san nan mai dogon ƙaho wanda ko yana tsaye shiru ba ka juya masa baya. Na biyu fim ɗaya ya yi ya tafi, Yaya ya ce san aro ne, ba a yi masa hukunci. Na uku, mai ɗaga gira da barkwanci, wanda ya daɗe har wuyansa ya fara saki, shi ne gudali a wurin Yaya, mai nama da sanyin hali, yara ma sa iya jan igiyarsa. Duk da haka in an sa fim ɗinsa Yaya ya fi kowa dariya, sai an gama ya tsuke fuska ya ce wasan yara ne.

Nawa shi ne na huɗu, mai ɗaurarriyar fuska, wanda bai daɗe ba. Shi ne na ga ya karanta littafin. In ya harbi mutum kana ganin abin a fuskarsa, kamar ya haɗiyi magani mai ɗaci.

"Wanga naki kullum kamar an yi mai rasuwa," in ji Yaya.

"Ai aikin nai na rasuwa na."

"To in kallon mai baƙin rai nika so, Malama, sai in tahi ohis ɗin haraji."

Tun da na fara koyarwa ya sauya mini suna daga Auta zuwa Malama, amma sai in yana neman tsokana yake kiran sa.

Na biyar bai tayar mana da ƙura ba. Mun yarda kyakkyawa ne, mun yarda kuma ya fi dacewa da tallar agogo. A kan na shida ne muka yi wadda har matar Yaya ta leƙo ta ce maƙwabta za su ɗauka rabon gado ake yi. Lokacin an bar kaset an koma faifai. Da Yaya ya ga hotonsa a bayan kwali sai ya mayar ya ajiye. Ya ce gajere ne, gashinsa kamar harawa, kunnuwansa sun yi waje, wannan yaron Mugun ne aka ba kwat. Na lallaɓa shi muka kalla. Ana cikin wani faɗa a banɗaki na ga Yaya ya matso bakin kujera yana dunƙule hannun dama. 'Yan gidan fawa ba a raba su da dambe, shi ma ya ɗaura zare a ƙuruciya kafin Baba ya hana shi.

"Wanga ya taɓa shan kashi," ya ce a hankali. "Ya san duka na da zahi."

"Hakanan yake cikin littahi."

"Ban tambaye ki ba."

Bai taɓa yarda na shida ya kamo ƙafar na farko ba. Iyakar abin da ya ba shi shi ne, in da a kara ne zai taya.

Ciwon idon a hankali ya zo. Da fari ya daina tuƙi bayan magariba, ya ce fitilun motocin yanzu ne suka yi ƙarfi. Sai na lura kujerarsa tana matsowa kusa da talabijin, yau kaɗan gobe kaɗan. Wata Asabar aka sa wani tsohon fim na na farkon, wanda Yaya ya kalla ya fi a ƙirga. Mutumin ya shigo ɗaki ya tsaya, sai Yaya ya karkata kai ya ce, "Wa na wanga?" Na dube shi ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba.

Likita ya ce ruwan ido ne ya hau ya cinye jijiya, kuma an zo a makare. An yi aiki, an yi ta ɗiga magani, abin da ya tafi dai bai dawo ba, saura ma ya bi shi. 'Ya'yansa maza suka karɓi harkar shanu. Shi kuma ya sa aka fitar da talabijin daga ɗakinsa, aka shimfiɗa masa darduma a barandar tsakar gida, nan yake wuni da carbi da rediyo.

Ban daina zuwa ba, amma Asabar ɗin ta zama wani abu daban. Mu gaisa, ya tambayi maigidana da yara, in tambayi jiki, ya ce da godiya. Sai shiru. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Ni da Yaya ba mu saba wata hira ba. Shi babban wa ne, kusan uba, ba na zama in gaya masa damuwata, shi ma ba ya gaya mini tasa. Duk shaƙuwarmu ta bakin wannan Baturen na ƙarya take bi. In ina son in san ko Yaya yana cikin walwala, daga yadda ya zagi na uku nake ganewa. Yanzu an ɗauke shi daga tsakaninmu, sai ga mu zaune kamar baƙi a layin asibiti. Nakan koma gida in rasa abin da ke mini daɗi.

Shi ne ya buɗe ƙofar. Wata rana na miƙe zan tafi, har na sa takalmi, sai ya ce, "Malama, littahin nan naki na ƙarya, shina nan?"

"Suna nan, Yaya. Dukkansu."

"Zo da guda mu ji iyakar ƙaryar."

Na daɗe ina tara su, wasu daga masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, wasu maigidana ya sayo mini a tafiye-tafiyen aiki. Takardunsu sun yi ja, wasu gara ta ɗanɗana. Asabar ta gaba na zo da na farkonsu. Nakan karanta sakin layi a zuci, sannan in faɗa masa da Hausa. Bai bar ni na yi nisa ba.

"Tsaya. Har yanzu caca shika yi? Ina mota?"

"Ba a kai ga mota ba."

"Mutum ya zamna shina ta lissahin kati. Wanga ai akawu na."

Amma bai ce in daina ba. Abin da ya fara kama shi, abin dariya, shi ne abinci. Marubucin mutum ne mai son ciki, ba ya barin Mutumin ya ci komai sai ya faɗi yadda aka dafa shi. In an zo kan nama sai Yaya ya gyara zama. Wane yanki na? Na ce ga alama tantaƙwashi ne na gadon baya. Ya ce to sun san nama, amma wane irin rashin imani ne a bar shi da jini a ciki. Muka yi rabin yini a kan wannan, labarin leƙen asiri yana jira.

Da muka iso inda mace ta shigo ɗaki, na yi ɗan tari ina neman hanya. Na juya shafi, na sake juyawa.

"To," na ce, "sai sunka gaisa."

Yaya ya yi dariyar da tun kafin asibiti ban ji ya yi ba, har da tari, har matarsa ta kawo ruwa tana tambayar lafiya. Ba wanda ya iya yi mata bayani.

Akwai kuma wuraren da nake tsallakewa ba don kunya ba. Marubucin yana da raini ga baƙar fata, da ma duk wanda ba ɗan ƙasarsu ba, kuma yakan sa rainin a bakin Mutumin ko a cikin tunaninsa. Tun ina kwaleji nake jin zafin wuraren, in wuce su da sauri. Amma kunnen Yaya ya yi kaifi, yana jin ƙarar takarda.

"Kin wuce wani wuri. Kuma ba gaisuwa ta ba, don ba ki yi tari ba."

Na gaya masa abin da aka rubuta, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Marubucin na yah hwaɗi, ko Mutumin?"

"Nan dai Mutumin na."

"Cikin him bai taɓa hwaɗin haka ba."

"Akwai shi can ma, Yaya. Ba da baki ba wani lokaci. Duba wa ka ɗaukar kaya, wa ka mutuwa da wuri."

Ya ce in rufe, ya gaji. Asabar ta gaba bai tambayi littafi ba, ni ma ban ciro shi daga jaka ba. Ta bayanta ne ya ce, "Ci gaba. Amma kar ki ƙara ɓoye mani. In ya yi rashin kunya in ji, in ba shi amsa." Haka kuwa aka yi. Duk inda aka zo irin wurin sai ya ɗaga hannu in dakata, ya wanke marubucin tas da Sakkwatanci, har da iyayensa, sannan ya ce mu tafi.

Littafin da ya fi zama masa shi ne wanda Mutumin ya yi aure a ciki aka harbe amaryar a hanya. Fim ɗinsa shi ne na san aron nan da Yaya ya raina. Da na kai ƙarshe, sai da na fara haɗa jakata ya ce a sake masa shafin ƙarshe. Na sake. Ya ce, "Ashe yaron can ba shi da laihi. Labarin na yah hi ƙarhinai." A wurin Yaya wannan ba ƙaramar sauka ba ce.

Wata rana na tambaye shi, in ina karantawa fuskar wa yake gani.

"Da hwarko nawa nika gani. Yanzu ya hwara ɓacewa. Wani na ka zowa, ramamme, ban san shi ba." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya ɗan kauce kaɗan. "Ke ma kin tsaya inda nib bar ki. Ana ce mani kin yi hurhura, ni ban gani ba. Kin ci riba."

Na yi dariya don ya ji, na share idona da bakin mayafi.

Da fim na ƙarshe na na shida ya fito, 'yata ta samo mini shi a kwamfutarta. Na kalla ni kaɗai don in san yadda zan ba shi labari. A ƙarshen fim ɗin suka kashe Mutumin. Ba irin mutuwar da yake yi ya tashi ba, ta gaske. Na yi kwanaki ina juya abin, har na yi niyyar in ce masa faifan bai zo ba. Amma na riga na yi alkawarin daina ɓoyewa. Na ba shi labarin tun daga farko, yana ta gyara mini, yana cewa ba haka ake bin mutum da mota ba. Da na faɗi ƙarshen sai ya ce in maimaita.

"Kin ga gawa?"

"Ban gani ba, amma wuta ta ci wurin dut."

"Cikin littahi hwa?"

"Cikin littahi bai mutu ba. Marubucin na yam mutu yab bar shi."

"To kin gani." Ya jingina da bango. "Yau kam ina bayan littahi."

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana daga bakinsa, da ta zo kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Bayan na yi ritaya na sayi 'yar tsohuwar mota, ni nake tuƙa kaina. Wata Asabar da la'asar, an yi ruwa gari ya yi sanyi, Yaya ya ce yau ba karatu, in fita da shi. Matarsa ta kawo masa hula, na riƙe hannunsa har kujerar gaba. Muka fita daga Mabera yana faɗa mini inda muke tun kafin in faɗa, daga ramukan hanya da warin masu suya. Da muka hau babban titin bayan gari ya sauke gilashi.

"Taka ta."

"Yaya, tsohuwa ta."

"Ke ko motar? Taka ta, Auta."

Na taka. Ba wani gudun kirki ba ne, motar tana karkarwa kamar za ta watse, amma iska ta cika ta, ta ɗauke masa hula ta jefa kujerar baya. Ya fitar da hannu waje ya buɗe tafin. Ya ce akwai baƙar mota a bayanmu, mutum huɗu a ciki, kar in waiwaya. Na duba madubi, wata a-kori-kura ce ɗauke da buhunan albasa. Na ce na gan su, suna matsowa. Ya ce in shiga dama a mahaɗa ta gaba ba tare da na ba da sigina ba. Na ba da sigina dai, na shiga. Ya ji ƙarar siginar ya ce da ni ce Mutumin da tuni an binne ni. Muka yi ta zagaye har aka fara kiran magariba, sannan na mayar da shi gida, hular a hannunsa.

Kafin damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa, bayan gajeruwar jinya. Muna tsakiyar wani littafi, ban ƙarasa shi ba. Yanzu ana ta maganar za a zaɓi sabon ɗan wasa, 'yata takan nuna mini hotunan waɗanda ake hasashe a waya ta ce wanne na fi so. Nakan duba in ce duk sun yi. Ba ta san cewa ba haka ake yi ba, ita da na faɗi abu sai ta ce gaskiya ne, Mama.

Har yanzu ina zuwa Mabera ranar Asabar in gaida matarsa. Ita ba ta taɓa zama ta kalli fim ɗin nan ko ɗaya ba, kullum tana madafa ko wajen yara. Kwanan baya muna zaune a barandar muna tsince shinkafa sai ta yi murmushi ita kaɗai.

"Kin san tun ranar Alhamis shika hwara shirin ki?"

"Shirin mi?"

"Abin da za shi ce maki. Sai shi zamna nan shina gwadawa a kaina. Shi ce, in tac ce kaza, sai in ce kaza. Wani lokaci shi ce in zama ke, in ba shi amsa. Ni mi nas sani? Sai in ce to ai littahi ya hi. Shi ce a'a, ba haka taka hwaɗi ba, ita da hushi taka hwaɗi."

Na ce mata ta gwada mini yadda take yi. Ta ajiye tiren, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗaure fuska ta nuna ni da yatsa. Wallahi ta iya ni.